'YAN SHIDAN DA BA SU CIKA SHIDA BA

 Da aka ce in rubuta wani abu cikin mujallarmu ta shekara, na san wasu sun zaci zan yi magana a kan tsabta ko zuwa aji da wuri. Waɗannan suna da masu faɗarsu kowace safiya. Ni wani hoto ne ya tsaya mini a rai, kuma a kansa nake so in faɗi ra'ayina.

Hoton na wani ɗan yanki ne na sararin sama, can cikin jerin taurarin da masana ke kira Maciji. Na taɓa nuna wa 'yan ajina shi, na ce su ƙirga mini abin da suka gani. Duk suka ce shida. Haka ni ma na ce ranar da na fara ganinsa. Sunan da duniya ta san abin da shi ma haka ya ce, gama ana kiransa 'Yan Shidan Seyfert. To amma fa huɗu ne.

Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma a kasuwa ko a gaban alƙali maganarsu dutse ce. Amma a nawa ra'ayi akwai wurin da shi kansa gani ake korarsa, abin da ke korarsa kuwa awo ne. Saboda haka nake cewa idan muka koya wa ɗalibi amsa, ba mu koya masa yadda aka auna aka sami amsar ba, to rabin aiki muka yi. Bari in nuna muku dalili da waɗannan 'yan shida.

Da farko sai mu san abin da ake ƙirgawa. Taurari ba a warwatse suke ko'ina ba, garke-garke suke. Ranarmu tauraruwa ce guda cikin wani garke mai taurari biliyan 100 ko fiye. Farin layin nan mai kama da hayaƙi da ke ratsa sama a daren da babu wata, garkenmu ne muke kallo daga ciki. Irin wannan garke shi masana ke kira galaksi, amma ni zan ci gaba da cewa garken taurari. Nisan da ke tsakanin garkuna ya fi ƙarfin kilomita, don haka da tafiyar haske ake aunawa. Haske yana gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa guda. Daga rana zuwa nan minti takwas da 'yan kai yake yi. Daga wannan gefe na garkenmu zuwa wancan kuwa sai ya yi wajen shekara 100,000. Hasken da ya fito daga rukunin da muke magana a kai ya yi kimanin shekara miliyan 190 a hanya. Lokacin da ya taso, nahiyar Afirka da ta Kudancin Amurka suna manne da juna tukuna.

A shekarar 1882 wani Bafaranshe mai suna Édouard Stephan, shugaban cibiyar nazarin taurari ta birnin Marseille, ya hango wani ɗan haske dishi-dishi a wurin. A 1888 John Dreyer ya shigar da shi cikin babban jerin nan da ake kira NGC, mai ɗauke da abubuwa 7,840, ya ba shi lamba 6027. Sai a 1951 wani Ba'amurke, Carl Seyfert na Jami'ar Vanderbilt, ya yi bayanin wurin daga hotunan da aka ɗauka, ya nuna cewa cunkoson garkuna ne, wanda a lokacin ba a san wani rukuni da ya kai shi matsi ba. Daga nan aka laƙaba wa rukunin sunansa. Garke guda ya riƙe tsohuwar lambar, wato NGC 6027, sauran biyar aka ƙara musu harufa daga a zuwa e.

Shi wannan da ya riƙe lambar yana da siffar da ta cancanci mu ɗan tsaya a kanta. A 1926 Edwin Hubble ya kasa garkunan taurari bisa ga kamanninsu. Akwai masu siffar ƙwai, dunƙulallu, sumul. Akwai kuma masu siffar faifai, waɗanda ke da hannaye masu naɗewa kamar guguwa, irin garkenmu. A 1936 ya ce lalle akwai wani iri a tsakani, mai faifai amma ba hannaye, daga baya kuwa aka same su da yawa. Turawa sun ba su suna daga gilashin tabarau, mai kauri a tsakiya, siriri a baki. Ni idan ina bayani a aji nakan ce masu siffar masa, kuma ban taɓa samun ɗalibin da bai gane ba. NGC 6027 mai siffar masa ne, haka ma maƙwabcinsa NGC 6027b.

Me ya hana su hannaye? Hannayen garke wuri ne da gizagizan iskar gas da ƙura ke matsuwa har su haifi sababbin taurari, manya, masu zafi, masu shuɗin haske. Irin waɗannan taurari ba sa daɗewa, 'yan miliyoyin shekaru ne su ƙone. Muddin akwai gas, ana ta haihuwar wasu, hannayen suna ta walƙiya. Garke mai siffar masa kuwa gas ɗinsa ya ƙare, ko an ƙwace masa. Abin da ya rage tsofaffin taurari ne masu haske ja-ja, rawaya-rawaya. Kamar ƙauyen da aka daina suna a cikinsa ne, samari sun ƙare, sai dattawa a gindin bishiya. A 1980 Alan Dressler ya bincika manyan cincirindon garkuna guda 55, ya ga cewa duk inda cunkoso ya fi yawa, nan masu siffar masa da masu siffar ƙwai suka fi yawa, masu hannaye kuma suka ragu. Wato zama cikin matsi yana da hannu wajen tsufar garke.

Matsi kuwa a nan ba a magana. Garkuna huɗu ne, kowanne faɗinsa wajen tafiyar haske ta shekara 35,000, an cusa su cikin filin da bai wuce faɗin garkenmu shi kaɗai ba. Ku gwada da mu: babban maƙwabcinmu mafi kusa, garken Andromeda, yana can tafiyar haske ta shekara miliyan biyu da rabi. Mu muna zaune kamar rugage ne a daji, su kuwa kamar mutum huɗu a ɗaki ɗaya.

Kowane abu mai nauyi yana jan ɗan'uwansa, kuma jan ya fi ƙarfi a kusa. Idan garke ya gifta kusa da wani, gefen da ke fuskantarsa ya fi jin jan bisa ga gefen da ke nesa, sai garken ya miƙe. Irin jan da wata ke yi wa teku ke nan har ruwa ya cika ya janye a bakin gaɓa. A 1972 wasu 'yan'uwa biyu, Alar da Juri Toomre, suka gwada wannan da kwamfuta, suka nuna yadda irin wannan gifci ke zaro taurari daga jikin garke su zama doguwar wutsiya. To, ɗaya daga cikin shidan da 'yan ajina suka ƙirga, wato NGC 6027e, irin wannan wutsiya ce. Taurari ne da aka yago, kuma da jikin NGC 6027 aka fi danganta su. Saura biyar ke nan.

Kada wani ya zaci taurarin suna gwabza karo kamar motoci. Idan aka mai da ranarmu ƙwayar gero, tauraruwa mafi kusa da ita za ta zama wata ƙwayar gero ce a nisan fiye da kilomita 50. Garke na iya ratsa garke ba tare da ƙwaya ta taɓa ƙwaya ba. Hanyoyinsu ne kawai ke rikicewa. A hoton da madubin hangen nesa na Hubble ya ɗauka, wanda aka fitar a watan Disamba na 2002, ana ganin wani hazo-hazon haske ya lulluɓe rukunin duka, taurari ne da suka ɓace wa garkunansu. Masana na ganin cewa cikin biliyoyin shekaru masu zuwa huɗun za su narke su zama garke guda babba.

Yanzu sai na biyar, wanda shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauki biro. NGC 6027d ɗan ƙarami ne, kyakkyawa, ya fuskanto mu sosai, hannayensa a naɗe tsaf. Yana zaune a hoton daf da sauran, har mutum ya rantse da su yake. Amma ya fi su nisa kusan sau biyar. Hasken nasa ya yi fiye da shekara miliyan 800 a hanya. Kun san yadda akan ɗauki hoton 'yan aji don wannan mujalla, sai wani mai wucewa can bayan fili ya fito a tsakanin kafaɗun mutum biyu. Wanda bai san ajin ba sai ya ƙirga da shi. Haka wannan garke yake, mai wucewa ne. Na shidan da muka cire ɗazu kuwa hannun rigar wani ne da aka ja.

Ga tambayar da nake so kowane ɗalibi ya riƙa yi: yaya aka sani? Ba wanda ya je can da igiyar awo. Hoto kuma shafaffe ne, ba ya nuna gaba da baya.

Amsar tana cikin hasken kansa. Idan aka bi da haske ta gilashi mai kusurwa uku, yakan rabu zuwa launukan bakan gizo, daga shuɗi zuwa ja. Idan hasken tauraro ne, za a ga wasu siraran layuka a jikin launukan. Kowane sinadari yana da nasa layukan a wurin da ba ya sauyawa, haidurojin da nasa, kalsiyam da nasa, kamar yadda kowane gida ke da nasa zane a fuska. An auna wuraren nan a ɗakin gwaji a nan duniya, an san su sarai. To idan abin da ke ba da hasken yana nisantar mu, sai layukan duka su gusa zuwa wajen ja, kuma gwargwadon saurinsa, gwargwadon gusawar. Kunnenku ya san irin wannan. Ku tsaya a bakin titi babbar mota ta taho tana hon: tana zuwa muryar siririya ce, tana wucewa sai ta yi kauri. Vesto Slipher ne ya fara auna wannan ga garkunan taurari a 1912. A 1927 Georges Lemaître, sannan a 1929 Edwin Hubble, suka nuna cewa sararin samaniya buɗewa yake yi, kuma garken da ya fi nisa shi ya fi saurin nisantar mu. Daga nan gusawar layuka ta zama ma'aunin nisa.

Da aka yi wa 'yan shidan wannan awo, huɗu suka nuna gudun da bai wuce kilomita 4,000 zuwa 4,600 a daƙiƙa ba, kusan kansu ɗaya. Shi kuwa ɗan kyakkyawan nan ya nuna kusan kilomita 20,000 a daƙiƙa. Ko da a ce tare suke, mai irin wannan gudu ba jan da zai riƙe shi a cikinsu. Ga kuma shaida ta biyu da ido ma zai iya tabbatarwa bayan an faɗa masa: sauran duk a jirkice suke saboda jan juna, shi kaɗai ne ba abin da ya taɓa shi.

Ba kowa ne ya yarda nan da nan ba, kuma adalci ne in faɗi haka. Halton Arp, wani gwanin masani Ba'amurke wanda a 1966 ya wallafa kundin hotunan garkuna 338 masu baƙuwar siffa, ya ce a'a. A ganinsa irin waɗannan baƙi sun yi yawa a ce duk dace ne, watakila tare suke da maƙwabtansu, ma'aunin ne ke da aibi. Ɗaya daga cikin manyan hujjojinsa shi ne wani rukuni da Stephan ɗin nan ya gano a 1877, 'Yan Biyar ɗin Stephan, inda huɗu ke nisan wajen shekara miliyan 290, ɗaya kuma, NGC 7320, awo ya ce miliyan 40 kacal. Arp ya riƙe ra'ayinsa har ya rasu a 2013. Ban ga laifinsa ba da ya yi tambaya, gama da ya yi daidai, da kimiyyar sama ta juye gaba ɗaya. Amma ku lura da yadda aka raba gardamar. Ba a ƙirga hannuwa ba, ba a kuma duba wanda ya fi furfura ba. Madubin Hubble ya duba NGC 7320 ya ga taurarinsa ɗai-ɗai, sauran huɗun kuwa suka kasance hazo, kamar yadda kake ganin ganyen bishiyar da ke kusa amma ta nesa sai dai kore kawai. Ma'auni na biyu ya gaskata na farko. Kuma sama cike take da garkuna, ba abin mamaki ba ne na nesa ya faɗo bayan na kusa. Paul Hickson ya tattara rukunai 100 masu matsi a 1982, 'Yan Shidan Seyfert su ne na 79 a jerinsa, kuma da aka bi su da awo aka tarar da irin waɗannan baƙi a cikin da yawa daga cikinsu.

Na san abin da wani ɗalibi mai wayo zai ce: Malam, ai mu ma ji muka yi, ba mu da madubin hangen nesa, kai ma ba ka auna ba. Gaskiyarsa. Amma ji iri biyu ne. Akwai wanda za a ce maka huɗu ne, ka haddace, ka yi shiru. Akwai kuma wanda za a ce maka huɗu ne, ga hanyar da aka bi, ga inda za ka kama mu idan mun yi kuskure. Na biyun ana iya bin sawunsa, kuma farkon sawun bai fi ƙarfinmu ba. Ku sa madubi a karkace cikin kwanon ruwa a rana, bakan gizo zai fito a bango. Ku barbaɗa gishiri a harshen wuta a ɗakin gwaji, za ku ga ta koma rawaya, wannan zanen fuskar sodiyam ne. Wanda ya yi waɗannan biyu da hannunsa ya riga ya taka matakin farko na tsanin da ya kai ga NGC 6027.

Wani kuma, watakila cikin 'yan'uwana malamai, zai ce lokaci ba ya isa, manhaja tana da tsawo, mai jarrabawa kuma amsa yake nema. Wannan ma ban musa ba, ni ma na sha rubuta amsa a allo in ce a kwafa domin an kusa kaɗa ƙararrawa. Laifin namu ne duka. Amma amsar da aka haddace tana iya tsufa. Shekara da shekaru littattafai suna cewa garkenmu zai haɗu da Andromeda nan da shekara biliyan huɗu zuwa biyar. A 2025 wani sabon lissafi da aka yi da ingantattun awo ya nuna cewa abin rabi da rabi ne ko cikin shekara biliyan 10. Ɗalibin da lamba kawai ya riƙe, ranar da lambar ta sauya sai ya ce masana maƙaryata ne, ya watsar da komai. Wanda ya san yadda ake awo kuwa zai gane cewa mudu ne aka gyara.

Ku 'yan aji shida, inda za ku shiga hotuna sun fi na zamaninmu yawa. Kowace rana waya za ta nuna muku mutum biyu a tsaye wuri ɗaya, a ce muku abokan cin mushe ne, ko abu biyu da suka faru a mako ɗaya, a ce wannan ne ya jawo wancan. Idanunku za su ce shida.

Akwai masu ganin ya kamata a sauya wa rukunin suna tunda an gano gaskiya, a ce 'Yan Huɗu. Ni ban goyi bayansu ba. A bar sunan yadda yake. Duk wanda ya ji shida, ya ƙirga a hoto ya sami shida, sannan aka ce masa huɗu ne, dole ya tambayi dalili, kuma dalilin shi ne darasin. Da an gyara sunan, da ni kaina ban tsaya na bincika ba.

Daga watan Mayu zuwa Yuli, da dare, jerin taurarin Maciji yakan bi kusan ta saman kanmu a nan arewacin Nijeriya, idan hadarin damina ya ba da sarari. Kada ku wahalar da idanunku neman rukunin. Duk faɗinsa a sama bai kai kashi ɗaya cikin goma na faɗin wata ba, kuma sai da babban madubin hangen nesa ake ganinsa. 'Yan aji biyar da za su shigo hannuna baɗi kuwa, ga sanarwa tun yanzu. Zan manna hoton a takardar gwajin farko. Wanda ya rubuta shida ba zan ba shi komai ba. Wanda ya rubuta huɗu zai sami maki ɗaya. Sauran maki taran na wanda ya bayyana mini yadda aka fitar da biyun ne.